To, Shi Kyauta Me Ya Yi?

Daga Samaru zuwa Sabon Gari, idan ka biyo titin Sakkwato ka ratsa Kwangila ka gangaro PZ, makarantu ne birjik: na gwamnati, na mishan, na kuɗi. Shekara da shekaru yaran da suka zauna a azuzuwan nan sun kasu gida biyu wajen karatun adabi. Akwai masu ɗaukar darasin Hausa. Akwai kuma waɗanda jirgin ƙasa ya kawo kakanninsu daga Kudu suka kafa Sabon Gari, ko aikin jami'a ya kawo iyayensu Samaru, su kuwa adabinsu na Turanci ne. Da yawansu har suka gama makaranta ba su san labari guda ne ya tsaya musu a rai ba. Na farkon sun gamu da shi a Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930. Na biyun sun gamu da shi a An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1962. Garin ɗaya ne, Galma. Attajirin ɗaya ne, Malam Shehu. Yaron ma ɗaya ne, Kyauta.

Mutum yakan manta sunan malamin da ya koyar da shi littafin, ya manta makin da ya ci, ya manta ko a aji nawa ne, amma ka ambaci yaron da aka mayar ɓarawo sai ka ga fuskarsa ta canza. Littafin da ake gamawa tsakanin azahar da magariba ya zauna a kan mutum shekara arba'in, wannan aikin gwani ne, kuma gwanintar tana da hanyoyinta da ake iya bi a gani.

Asalin abin ba don a tayar wa kowa hankali aka yi shi ba. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta koma Zariya a 1931, ta zama Hukumar Talifi a 1933. Damuwar East, shugabanta, ita ce yaran elementare da midil sun iya karatun boko amma ba abin karantawa. Sai ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai, aka sa gasa. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi. Wahalar da East ya fara cin karo da ita, malamai na ganin ƙirƙirar labari ba aikin mai ilimi ba ne. Tatsuniya ce, ta tsofaffin mata da yara.

Ita tatsuniyar ai ba ta rasa ban tsoro. Dodo na haɗiye mutane, kishiya na tura 'yar miji inda ba a dawowa, kura na jira a bakin hanya. Sai dai tsohuwa tana da makullinta. In ta gama sai ta rufe da ƙurunƙus, ta jingina ƙaryar ga Gizo, yaro ya san abin da ya ji ba a duniyar nan ya faru ba, ya juya ya yi barcinsa. Abin da wasu daga cikin marubutan 1933 suka gano, ko da gangan ko hannu ne ya kai su, shi ne rubutaccen labari yana iya ƙin rufe ƙofar. Ba Gizo, ba Ƙoƙi. Mutane ne masu suna irin na maƙwabta, a gari mai sunan kogin da kowane ɗan Zazzau ya sani.

Dubi yadda aka ɗana tarkon Jiki Magayi. Malam Shehu yana da dukiya, yana da mata, ba shi da ɗa. Wannan kaɗai ya isa Bahaushe ya tausaya masa, don ya san abin da ake faɗa a bayan idon mai arzikin da ba magaji. Amma marubutan ba su bari tausayin ya yi saiwa ba. Yarinyar da ya ƙyalla ido a kanta, Zainab, tana da mai ita, wato Abubakar, saurayi mai ƙaramin ƙarfi wanda kowa ya san shi zai aure ta. Malam Shehu ya sa kuɗi, ya sa asiri, ya raba su. Ba ɗan shekara goma sha huɗun da zai karanta wannan bai koma bayan Abubakar ba. Yaro a wannan tsakanin ba abin da ya tsana irin fin ƙarfi, kullum yana shan sa a hannun siniyoyi da monita. Saboda haka ranar da Abubakar ya ci alwashin sai ya rama, ajin gaba ɗaya ya ce amin a zuci. A nan aka kama su, ba su sani ba.

Daga nan sai jinkiri, wanda shi ne sashen da sabon marubuci ya fi kasa haƙuri da shi. Da a ce Abubakar ya leƙa ƙauyen da ke kusa ya karɓo magani ya dawo bayan kwana uku, da labarin bai wuce na an mare ni na rama ba. Sai aka tura shi uwa duniya, daga wannan gari zuwa wancan, daga hannun wannan zuwa hannun wancan, yana shan wuya iri-iri, har ya komo da naƙasa a jikinsa. Wannan doguwar tafiya aiki biyu take yi a lokaci guda. Kowace wahala da Abubakar ya sha tana ƙara ɗaure mai karatu da shi: mutumin da ya biya irin wannan farashi ai ya cancanci ya sami abin da ya fita nema. Aiki na biyun a ɓoye yake. Muna can daji tare da Abubakar, a Galma kuwa an yi ciki, an haihu, an yi suna, yaro ya yi wayo, uba ya ɗora masa dukkan begen da ya tara a shekarun rashin haihuwa. Mai karatu ya shagala, bai lissafa shekarun ba.

Sai ga Abubakar ya dawo da abin da ya samo. Maganin bai nufi ran Malam Shehu ba, bai nufi dukiyarsa ba. Ɗansa ya nufa.

Kyauta ya fara ɗauke-ɗauke. Ɗan attajirin da ba abin da ya nema ya rasa ya zama abin nuni a gari. A ƙasar Hausa ba kunyar da ta kai ta uban ɓarawo, don talauci ana yi maka jaje, ciwo ana zuwa dubiya, amma wannan ba mai zuwa ya ce maka sannu. Abin ya kai iyayen suka bar Galma. Yaron ya faɗa hannun gawurtaccen ɓarawo, ya yi nisa, ya ƙware. Wata rana da dare ya shiga wani gida sata, a garin da ba nasu ba, mai gida ya farka, Kyauta ya kashe shi. Ubansa ne.

Lura da inda marubutan suka ajiye mai karatu a wannan dare. Shi ya san iyayen sun yi ƙaura, Kyauta kuwa bai san inda suka sauka ba. Don haka tun yaron yana bakin katanga gaban mai karatu ya fara faɗuwa, kuma ba yadda zai yi ya kira shi. Ba a ɓata shafuka wajen kwatanta jini ba. Ba a bukata. An riga an yi aikin tun can baya, lokacin da ake ganin kamar labarin yawon duniya kawai ake bayarwa. Haka wanzamin kirki yake yi in zai yi maka ƙaho: hira yake jan ka da ita, yana tambayar mutanen gida, kai dai sai ka ga jini a ƙasa.

A irin wannan wuri ne wani yaro daga bayan aji yakan ɗaga hannu ya ce, "Malam, to shi Kyauta me ya yi?"

Malam yana da amsoshi a aljihu. Zai ce alhaki ne, zai ce ƙaddara ce, zai ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Duk gaskiya ne game da Malam Shehu, kuma gaskiya ne game da Abubakar, wanda ramuwa ta cinye ƙuruciyarsa da lafiyarsa ba ta dawo masa da Zainab ba. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ya amsa tambayar yaron. Wanda aka lalata wa rayuwa baki ɗaya shi ne wanda ko cikinsa ba a yi ba ranar da aka yi laifin. Yaron nan kuwa da yamma zai tafi Islamiyya, inda aka koya masa cewa ba a kama wani da laifin wani. Karatun safe da na yamma sun yi karo a kansa, littafin kuma ya ƙi raba gardamar. Abin da ya fi ci masa rai, wanda ba zai iya faɗa wa Malam ba, shi ne shi ma da hannunsa a ciki. Shi ne ya yi ta yi wa Abubakar fatan nasara shafi bayan shafi. An ba shi abin da ya roƙa, ga shi nan.

A ganina nan ne cibiyar wannan sana'a. Tsoratar da yaro abu ne mai sauƙi, ko kashe fitila aka yi an gama. Abin da ke da wuya shi ne ka sa mai karatu ya so wani abu da zuciya ɗaya, bisa dalili mai kyau, sa'an nan ka miƙa masa shi ya ga kamanninsa. Tsoro yakan wuce da wayewar gari. Wannan kuwa ba ya wucewa, don ba a kan dodo yake ba, a kan mai karatun ne.

Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, ya tashi a Arewa, ya kuma yi aikin gandun daji, ya san kan labarin nan sarai. A littafinsa Abubakar ya zama Abu Bakir, Zainab ta zama Zainobe, aka sa labarin a bakin wani tsoho mai ba da hira da dare, wanda sai an zuba masa kuɗi a kan buzu kafin ya buɗe baki. Duk wanda ya karanta zai tuna mafarkin dokin: Malam Shehu ya ga kansa ya yi wa wani shigar ciniki ya saye dokin da wancan ya riga ya taya, ya hau, dokin ya kayar da shi. Malamin da ya fassara mafarkin bai ɓoye masa kome ba. Zai auri wadda aka yi wa wani alkawari, zai sami ɗa, kuma zai sha baƙin ciki. Mai koyon rubutu zai ce an ɓata labari, an faɗi ƙarshe tun farko. Ai kuwa gyara shi aka yi. Mai karatu ya daina tambayar ko masifa za ta zo, ya koma tambayar ta wace ƙofa za ta shigo, kuma yana ta tsaron ƙofar da ba ita ba.

Kamannin littattafan biyu ya jawo magana. A 1973 Neil Skinner, wanda ya yi aikin talifin Hausa a Zariya zamanin hukumar NORLA, ya rubuta maƙala yana jera na Hausa da na Turanci kafaɗa da kafaɗa, ya nuna yadda na biyun ya bi sawun na farko. Masu kare Ekwensi suka ce labari ne da ke yawo a bakin mutane, kowa na da ikon ɗauka. Ni dai ina ganin haƙƙin John Tafida, mutumin Wusasa, ya fi abin da aka ba shi. Imam da Tafawa Ɓalewa ba wanda bai san su ba, shi kuwa sau da yawa sai an duba bangon littafi ake tuna sunansa. Amma gardamar ta tabbatar da abu ɗaya: labarin da aka tuɓe masa Hausarsa, karin maganarsa da zaurancensa duk suka zube, ya shiga wani harshe ya ci gaba da hana yara sukuni, to ƙarfinsa a zubi da tsari yake. Wani abin sha'awa, zanen da ke cikin littafin Ekwensi aikin Bruce Onobrakpeya ne, wanda ya koyi zane a Samaru, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yana cikin matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Labarin ya tashi daga Zariya, ya je Legas aka yi masa sabuwar riga, fuskokin mutanensa kuma hannun da Samaru ta horar ne ya zana su.

Tafawa Ɓalewa ya bi ta wata hanya dabam, kuma yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyarwa a Midil ta Bauci, ya yi abin da tsofaffin marubuta ke kasawa. Makaminsa murya ce. Shaihu Umar dattijon malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. Tun shafin farko mun san ya tsira, ya yi ilimi, ya yi daraja. To ina abin fargaba? Marubucin ya ɗauke fargabar daga kan tauraron ya ɗora ta a kan uwarsa.

An sace Umar yana ƙaramin yaro a Kagara, bayan makircin fadawa ya sa an kori Makau, mijin uwarsa, wanda ya je ya zauna a Maƙarfi. Ɓarawon da ya sace shi kura ta cinye shi, yaron yana nan kusa. Dattijon ya faɗi wannan da irin muryar da zai faɗi kowane abu, bai ɗaga ta ba, bai tsaya neman a tausaya masa ba. Daga nan hannu ya bar hannu, har Kano, har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Uwar kuwa, 'yar Fatika, 'ya mai 'yanci, ta bar gida ta bi sawun ɗanta. Ta amince da wani da ya ce zai kai ta inda yake, ya mayar da ita baiwa. Murzuƙ, Tarabulus, shekaru suna tafiya, baƙin ciki yana cin ta. Mai karatu ba abin da yake roƙo sai Allah ya haɗa su. Aka haɗa su. Ba ta daɗe ba ta rasu.

Ka ga dabarar nan ta sake dawowa, an biya wa mai karatu bukatarsa ta hanyar da ta fi hanawa ciwo. Amma abin da ya fi daɗewa a rai a Shaihu Umar, in mutum ya girma ya waiwaya, shi ne Abdulkarim. Mutumin kirki ne, mai alheri, mai riƙon amana, kuma fataucin bayi yake yi. Littafin bai zage shi ba, bai wanke shi ba. Ayarin da guguwar rairayi ta binne a hanyar dawowa, da bayin da ke cikinsa, an faɗe shi an wuce. Wannan kawaici ne irin na dattijon Bahaushe, wanda in abu ya yi masa zafi ƙwarai sai ya rage magana, kuma marubucin ya gane cewa mai sauraro yakan cike gurbin da aka bari da abin da ya fi abin da za a faɗa masa nauyi.

A tuna kuma da zamanin. Littafin ya fito a 1934, ba a soke bauta baki ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Yaran da suka fara karanta shi a ƙasar Zazzau, ƙasar rinji, suna da kakanni a gida waɗanda suka ga harin bayi da idonsu, wasu an sace musu 'yan'uwa, wasu su ne aka sato. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta ba da labarin dangin da aka kama aka fanso da kuɗi. Ga waɗannan yara, Shaihu Umar ya faɗi abin da ake yi wa shiru a tsakar gida.

Imam kuwa an fi saninsa da ban dariya, kuma ya cancanta. Amma wanda ya zauna a Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku cikin 'yan watanni, ya san inda wuƙa take. Ɗauki labarin Sarkin Zairana da Sarkin Bokaye Gara, wanda tushensa yana cikin Dare Dubu da Ɗaya, a labarin Sarki Yunan da likita Duban. Mai magani ya warkar da sarki, hassada ta shiga tsakani, sarki ya sa a sare masa kai. Kafin a kashe shi ya bar wa sarki wani littafi, ya ce in an buɗe shi kan da aka sare zai yi magana. Shafukan sun manne. Sarki yana lasar yatsa yana buɗewa, yana lasa yana buɗewa, ba rubutu, kan yana ce masa ya ci gaba. Dafi ne a jikin takardar.

Yanzu ka tuna wa ke karanta wannan. Yaro ne riƙe da tsohon littafin makaranta da ya bi hannu goma, shafukansa sun manne da damina da man gyaɗa, shi ma yatsa yake lasa yana buɗewa. Ban san wata dabara da ta kai wannan iya shigar da mai karatu cikin labari da jikinsa ba. Imam bai ƙago ta ba, amma ya san darajarta da ya gan ta, ya kuma san yadda zai zuba ta a Hausa ba ta zube ba. Zaɓe ma gwaninta ne. Haka ya ɗauko tsohon labarin garin Hamelin na Jamus ya mayar da shi na Sarkin Busa: manya suka yi alkawari a kan a raba su da ɓeraye, aka raba su, suka saɓa, mai busa ya tafi da 'ya'yansu. Nan ma wanda bai ci ba shi ya biya. Sai dai Imam yana da tausayi irin na tsohuwa mai tatsuniya. Akunsa mai ba da labaran yana nan a gefe, da an gama labari a koma fada, a yi raha, a shiga wani. Shi ya sa labaransa sukan bar hoto ɗaya tak a ƙwaƙwalwa, kai a faranti ko yara a bayan mai busa, alhali Jiki Magayi tambaya yake bari.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan ba. A Amurka, ɗaya daga cikin labaran da ɗalibai suka fi ambata shi ne The Lottery na Shirley Jackson, wanda mujallar New Yorker ta buga a Yunin 1948. Mutanen wani ƙauye sun taru da hantsi, ana gaisawa ana wasa, yara suna tara duwatsu, aka yi ƙuri'a kamar yadda aka saba kowace shekara, matar da ta faɗa a kanta maƙwabtanta suka jefe ta. Wasiƙun fushi suka yi ta kwarara ofishin mujallar, wasu suka daina sayenta, daga baya labarin ya zama na aji. Duwatsun nan tun farkon labarin aka nuna su, kamar yadda aka nuna wa Malam Shehu dokinsa. Mai karatu ya gani ya wuce, yana murmushi tare da 'yan ƙauyen.

Akwai dalilin da ya sa a makaranta irin waɗannan labarai suka fi kamu. A gida in littafi ya dame ka sai ka rufe. A aji ba ka da wannan iko. Ana karatu bi da bi, mutum uku a kan littafi ɗaya, wani lokaci kai ne layi ya faɗo wa a daidai wurin da ba ka son ji, ka karanta shi da bakinka a gaban kowa. Ƙararrawa kuma ba ruwanta da inda labari ya kai, takan katse shi Kyauta yana bakin katanga, a bar ka da shi har mako mai zuwa. Marubutan Hukumar Talifi sun san ɗalibai suke rubuta wa. Gajerun babi, jimloli masu daɗin faɗa da baki, ba wurin da za a tsallake. Gajartar ma makami ce, don dogon littafi yana ba mutum lokacin sabawa da baƙin ciki, gajere kuwa yana ƙarewa kafin ka shirya.

Abin da ke rage musu kaifi shi ne takardar jarrabawa. Littattafan nan sun sha shiga manhajar Hausa ta sakandare, tambayar kuma kusan kullum ɗaya ce: kawo jigon littafin, kawo darussa biyar da ka koya. Yaro ya rubuta illar ramuwar gayya, illar auren dole, illar zuwa wurin boka, ya ci makinsa. Ba laifi, ai sai an ci jarrabawa. Amma malamin da ya san abin da ke hannunsa yakan bar minti biyar na ƙarshe ga tambayar ɗan bayan aji, ya bar su su yi ta musu, wasu na Abubakar wasu na Malam Shehu, 'yan mata suna tambayar wa ya nemi ra'ayin Zainab tun farko, ya fita bai yanke hukunci ba.

Masu rubutun yau, na littattafan kasuwa da na waya, ba su rasa labarai masu tayar da hankali ba. Abin da suka gani a shekarun nan ya fi ƙarfin abin da Tafida ya ƙago. Inda da yawa ke tuntuɓe shi ne yawan bayani: shafi uku na kuka, shafi biyu na kwatanta rauni, mugu baƙi ƙirin tun daga sunansa, ta yadda mai karatu ba zai taɓa kuskuren goya masa baya ba, balle ya ji kunyar kansa daga baya. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta yi amfani ta wannan fuska, don ƙayyade tsawon labari ya tilasta wa marubuta su zaɓi abin da za su bari a waje, kuma an ga labarai masu nauyi a 'yan shafuka. Duk da haka akan ga marubuciya ta gina labarinta tsaf, ta kai mai karatu inda ba ya iya motsi, sai tausayi ya kama ta, ta ƙara sakin layi ɗaya a ƙasa tana bayyana darasin da ke ciki da kira ga iyaye da hukuma. Wannan sakin layin ne ya kamata edita ya fara sa wa jan biro.